Mai Sharar Jar Ƙasa

Shekara talatin Malam Maharazu na unguwar Sabo ya yi yana gyaran filin tanis na jar ƙasa a wajen unguwar Mokola. Da sassafe yakan yayyafa ruwa, ya ja tsohon buhu ya shafe sawaye. In gardama ta tashi ranar gasa, shi ake kira ya nuna tabon da ƙwallo ta bari. "Ƙasa ba ta ƙarya," yakan ce.

Yanzu an malale filin da siminti. Idan jikarsa Husna ta kunna masa gasar tanis ta Turai da ake yi a jar ƙasa a talabijin, ko kallon 'yan wasan ba ya yi. Sai an tafi hutu, masu sharar fili sun fito, ya gyara zama.

"Ke Husna, matsa. Ga mutanena nan."