Na Sayar Da Man Janaretan Ɗakin Jini

Ni makaniken janareta ne, haifaffen unguwar Bolori a Maiduguri. Kafin in zubar da mutuncina ina da sana'a, ina da iyali, ba na rasa sahun gaba a masallacin unguwa. Lokacin da wuta ta daɗe ba ta zuwa, wani asibiti mai zaman kansa ya ɗauke ni aiki. Abu ɗaya aka damƙa mini: kada janaretan da ke riƙe da firijin jini ya mutu.

Ranar farko Sista Yagana, mai kula da ɗakin jinin, ta ce mini, "Malam, in jini ya ji zafi ya lalace, kuma ba kullum ido ke ganewa ba." Na ce na ji.

Da kwalba ɗaya ta man gas na fara. Wani mai injin niƙa, Bukar, shi ya saya, har yana kirana Injiniya. Wannan sunan banza ya fasa mini kai. Kwalba ta koma galan, galan ya koma jarka. Da man ya daina isa, sai na riƙa kashe janaretan bayan azahar idan Sista ta tafi ɗauko 'ya'yanta daga makaranta, in tayar da shi kafin ta dawo. A zafin Maiduguri fa! Ɗaliban jami'a kan zo daga unguwar Mairi su yi layi su ba da jini kyauta, ni kuwa ina gindin bishiya ina ce musu wawaye a zuciyata. Ɓarawon mai ke raina masu ceton rai.

Akwai wani malamin firamare, Malam Modu. Matarsa na da tsohon ciki, sai ya zo tun da sauran mako biyu ya ba da jininsa aka ajiye mata. Ranar haihuwa jini ya ɓalle mata, aka ɗaura mata ledar jinin mijinta. Ba a jima ba ta hau karkarwa, zazzaɓi ya rufe ta. Kafin magariba ta cika.

Sista ta fito da sauran ledojin, ta ga wasu sun yi duhu. Ta same ni a bayan asibiti ta ce, "Janaretan nan ya taɓa mutuwa?" Na rantse da Allah bai taɓa ba. Duk da haka asibiti ya kai ƙara. Da 'yan sanda suka bi sawun jarkokin, Bukar ne ya fara nuna ni. "Wannan? Sanin shanu na yi masa," in ji shi.

A kotu Malam Modu bai zage ni ba. Cewa kawai ya yi, "Jinina ne fa. Ni na kai mata da kaina."

Na yi shekaru a gidan yari. Hatta masu fasa shago ba sa cin abinci kwano ɗaya da ni, kuma ban ga laifinsu ba. Da aka sake ni na je gidan Malam Modu neman gafara. Wata yarinya ta leƙo daga zaure, ita ce aka haifa a ranar. Malam Modu ya ce, "Nawa na yafe. Na uwarta, sai kun haɗu."

Na tuba, ina kuma kan tuba. Samari, duk wanda aka ba amanar maɓalli, ko na janareta ne, ya tambayi ran wa ke rataye a jikinsa. Ban taɓa riƙe wuƙa ba, ko fuskar matar nan ban sani ba, amma ni na kashe ta. Kada ku zama irina.