Zaman Alhamis a Gidan Iya Sikira

A wannan watan Iya Sikira ta cika shekara bakwai da rasuwa, Allah ya jiƙanta. Bayarabiya ce haifaffiyar Fagge, mai sayar da atamfa a kasuwar Kwari, kuma maƙwabciyata tun ina amarya.

Ban fara da yarda da ita ba. Tun da 'yan fashi suka kashe mijinta a gabanta a hanyar sarin kaya, takan ɓace wa kanta. Sai ta fita cefane ta farga a Sabon Gari, ba ta san yadda ta je ba. Unguwa ta ce aljanu ne, wasu suka ce asiri ta taɓa ya juye mata. Da ta fara tara mata a gidanta duk Alhamis bayan la'asar, ana rufe ƙofa, sai muka ce bori ake yi. Ni ma na faɗa.

Ƙanwata Habiba ce ta kai ni gidan. Bayan an sako ta daga hannun masu garkuwa da mutane, takan ƙame tana tsakiyar magana, ta dube ni kamar baƙuwa, wani lokaci ta yi muryar ƙaramar yarinya. Na raka ta ne don in kama Iya da hannu dumu-dumu. Abin da na tarar mata ne a kan tabarma, har da Kiristoci daga Sabon Gari, ana ɓare gyaɗa. Da abin ya taso wa Habiba, Iya ta sa mata ƙanƙara a tafin hannu, ta ce a hankali, "Habiba, nan Fagge ne. Ga Yayarki. Babu wanda zai taɓa ki." Ba ta tambaye ta abin da aka yi mata a daji ba. Ita ce kuma ta matsa har muka ga likitan ƙwaƙwalwa, tana cewa addu'a da asibiti ba sa faɗa. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne.

Yau kowa ya iya maganar lafiyar ƙwaƙwalwa, kuma ban ƙi ba. Amma bara wata matashiya ta zo mini da sunan wata ƙungiya, wai za su farfaɗo da zaman. Ta yi ladabi, ta kawo lemo. Can sai ta ce, "Hajiya, ko za mu samu wadda abin ke taso mata, mu ɗauka a waya? Masu tallafi sun fi son gani da ido."

Ruwa ba ya tsami banza. Na yi ta tunanin me Iya za ta ce. Wataƙila ta fi ni kyakkyawan zato, domin ita aka zarga shekara da shekaru ba ta rama ba. Wataƙila yarinyar da gaske take. Sai dai Habiba tana da 'ya'ya, kuma abin da ya shiga waya ba ya fita. Na ce mata zaman ya mutu tare da mai shi.

Bai mutu ba. Ba shi da suna, ba shi da shugaba, yana yawo gida-gida tsakanin Fagge da Sabon Gari, kuma ba zan faɗi inda yake ba. Wannan shi ne gadon Iya Sikira. Idan matashiyar tana karanta wannan, ta dawo ta same ni. Ta bar wayarta a gida, ta zo ta zauna.