Gorar Kumfar Baba Abdulgani

Kafin masu kedai, wato shaguna, su ɗaga ƙofa, Baba Abdulgani ya gama lodin tukwanen gas ya nufi Sentul, tawul a kafaɗa, gorar ruwan sabulu a aljihu. Duk gidan da ya kai tukunya, shi zai ɗaura ta, ya shafa kumfa a bakinta, ya tsuguna yana kallo. In kumfar ta tashi, akwai yoyo. Ba ya miƙewa sai ta kwanta.

Mutumin Gumel ne. Karatu ya kawo shi Malesiya, aure ya zaunar da shi a unguwar Kampung Baru. Sanda ya fara aikin su uku ne a mota, kowa da albashinsa. Aka ce ma'aikata sun yi tsada, aka sallami ɗaya. Korona ta zo, aka sallami na biyu, aka soke albashin: tukunyar da ka kai, ita za ka ci. Ya zama shi ne direba, shi ne ɗan dako, a benayen da lif ɗinsu ya fi kwanciya da aiki.

Ana tsakiyar kulle Juwairiyya ta kira shi. Matar wani ɗalibi ce, mijin yana asibiti, ita da yara biyu a killace. Ta ce tukunyarta ta yi shafal. Ya yi mamaki, don bai daɗe da kai ta ba. Umarnin kamfani dai a ajiye a bakin ƙofa a juya. Yana isa, warin gas ya ratsa takunkuminsa.

"Juwairiyya, me kika bari a buɗe?"

"Ba komai, Baba. Shayi zan ɗora wa yara."

"Kada ki kyasta! Ba kya jin wari?"

"Baba, kwanan nan ko daddawa ba na ji."

Ya san in ya shiga sai ya killace kansa, ba tukunya, ba abin cefane. Ya cire takalmi ya shiga. Ya buɗe tagogi, ya tarar tiyon ya tsage, ya sauya shi, ya tsuguna har kumfa ta kwanta.

Cutar ta kama shi. Da mu maƙwabta muka ajiye masa tapau, ƙunshin abinci, a ƙofa, ta taga ya leƙo yana tari: "Hutun da kamfani ya hana ni, korona ta ba ni. Boleh lah, ba laifi!" Ya warke, amma numfashin bai dawo cikakke ba. Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki.

Na sha jin samarinmu, masu jiran aike daga gida, suna cewa ya zo Malesiya ya ƙare a dako. To ku ji da kyau: dakon nan ne ya sa wani ya fito asibiti ya tarar da iyalinsa da rai.

Kai ne, Baba, wanda aka yi ta rage wa lada bai rage aiki ba. Jarumi mai tawul, mun gode. Allah Ya mayar maka da numfashin da ka kashe a matakalanmu, Ya biya ka inda ba a sallamar kowa.

Yau akwai gorar sabulu kusa da murhun Juwairiyya, akwai kusa da nawa. Mu ma, duk aikin da ke hannunmu, kada mu miƙe sai kumfa ta kwanta.