Katantanwar Usta Shauƙi

A duk Damanhur ta ƙasar Masar babu mai ɗaukar hoton da ya tsani sa mutum a tsakiyar hoto kamar Usta Shauƙi. Tun yana saurayi, wani tsohon Bagirke da ya yi wa aiki a Iskandariya ya ba shi 'yar roba garai-garai, an zana mata naɗin katantanwa, ya ce masa wannan shi ne ma'aunin zinariya: inda naɗin ya ƙulle, nan idon mutum zai zauna. Bagirken ya mutu, Shauƙi ya rungumi robar kamar wahayi.

Ka je da fuskarka lafiya lau, ya ɗora maka katantanwa, ya matsar da kai gefe, ya datse abin da ya rage. Ya taɓa cire wa wani ango kunne ɗaya, ya ce kunnen ne ke ɓata tsari. Da wayoyi suka cika gari, angwaye suka huta da shi. Aiki ɗaya ya rage masa: faɗaɗa hoton mamaci da ake kafawa a ƙofar rumfar makoki. Sabri mai kafa rumfuna ke turo masa, don mamaci ba ya ƙorafi. Da wannan Shauƙi ke cin wake da burodi.

Sai Alhaji Abdulmaula mahauci ya rasu. Babban ɗansa Gabir, wani ƙato mai wuya kamar na bijimi, ya kawo hoton da ake da shi: Alhaji zaune daram a tsakiyar shagonsa, ga cinyar raƙumi rataye daga damarsa.

"Usta, ka cire naman nan, ka bar mana Baba. Kafin la'asar."

Shauƙi ya ɗora roba. Ya juya ta sama, ya juya ta ƙasa. In ya cire naman, Alhaji zai zauna a tsakiya, abin da hannun Shauƙi bai taɓa aikatawa ba. Ya san Sabri na kallo, ya san abincinsa ke nan. Duk da haka ya bar naman, ya datse ɗaya gefen, har da kafaɗar marigayi.

Da la'asar aka kafa hoto. Alhaji ya maƙale a lungu kamar wanda ya zo cin bashi a kunyace, cinyar raƙumi ta mamaye fili, baƙin ƙyallen makoki da ake ɗaurawa a kusurwar hoto kuma ya faɗo daidai kanta. Masu ta'aziyya suna shigowa suna sunkuyar da kai, kafaɗunsu na rawa.

Gabir ya tako har inda Shauƙi ke kurɓar gahawa marar sukari.

"Usta, wa ya mutu? Baba ko raƙumi?"

"Ɗana, dubi idonsa. Daidai kan ƙullin yake. Ido zai fara da naman, ya zagayo a hankali, ya sauka a kan Alhaji."

"Wato sai an gaisa da nama kafin a gaisa da ubana."

"Haka masana suka..."

"Ajiye kofin. Na masu ta'aziyya ne."

Sabri bai sake turo masa ko gawa ɗaya ba. Shauƙi yana nan a ƙofar shago, yana gaya wa duk mai tsayawa cewa garin ne bai waye ba. Tsofaffin unguwa kuwa sun ƙara sharaɗi a wasiyya: a yi musu wanka, a yi musu salla, kada a kai hotonsu wajen Shauƙi.