Kitsen da ke cikin waken Mama

Shekarun baya, farkon shekarun tamanin, ina ɗalibi a Greensboro ta ƙasar Amurka, na ɗauki wani darasin tarihi don kawai in cike gurbi. Wata rana malaminmu ya kawo zancen boren da sojojin Indiya suka yi wa Turawan Ingila. Ya ce ɓacin rai ya daɗe yana taruwa: an ƙwace ƙasashen sarakunansu, soja zai tsufa a bakin aiki yaron Bature na ba shi oda, ga tsoron za a raba su da addininsu. Sai aka kawo sabon harsashi wanda sai an ciji takardarsa da haƙori, labari ya bazu cewa da kitsen alade da na saniya aka shafe ta, alhali wasunsu addininsu ya haramta alade, wasu kuma saniya suke girmamawa. Daga baya Turawa suka ce to, kowa ya shafa man da yake so. Sojojin suka ƙi yarda.

Ni kuwa, sarkin iyayi, na ɗaga hannu na ce ai tunda an gyara, rigima ce kawai suke nema.

A lokacin akwai wata dattijuwar Baturiya a Pleasant Garden, wani ƙauye kusa da mu, da ke ɗauko ni a mota duk Lahadi in ci abinci a gidanta. Mama nake kiranta. Ita ta saya min rigar sanyi, ita ta zauna a kaina da na kwanta asibiti. Ba ni da wani gida a ƙasar nan sai nata. Tun ranar farko na faɗa mata ba na cin alade, ta ce ta gane. Wakenta kuwa, sai na yi ƙari biyu.

Tun kafin wannan darasin, fiye da shekara muna haka. Wata Lahadi, bayan wannan darasin, na shiga kicin in taya ta ɗaukar kwanuka, na tarar tana tsamo wani farin kitse daga tukunyar waken.

Na ce, "Mama, mene ne wannan?"

Ko gezau ba ta yi ba. Ta ce, "Ɗan kitsen alade ne, don ɗanɗano. A nan haka ake dafa wake. Kullum ina cire maka kafin in zuba."

"Amma kin san ba na ci."

"Na sani, ɗana. Da na faɗa maka ai da ba ka ci ba."

Mijinta yana daga falo ya yi dariya, ya ce, "To ga shi nan, bai kashe ka ba."

Na koma tebur na zauna, na kasa ɗaga cokali. Ban sake zuwa gidan ba.

Bayan mako biyu sai ga ta a ƙofar ɗakina a East Greensboro, da tukunya a hannu, idonta ya yi ja. Ta rantse cewa da man gyaɗa ta dafa waken, a sabuwar tukunya. Na karɓa na yi godiya. Da ta tafi na buɗe, na daɗe ina kallo. Abokina da muke ɗaki ɗaya ya ce, "Malam, ka ci mana, wallahi wannan lafiya lau yake."

Ni ma na san mai yiwuwa lafiya lau yake. Maƙwabcinmu na miƙa wa.

Abin da aka ci bisa rashin sani, Allah ba ya kama bawa da shi, wannan bai dame ni ba. Abin da ke min ciwo har yau shi ne ta ji maganata sarai, ta auna, ta ga ba ta kai ɗanɗanon wake ba. Kuma tana ƙaunata, a nan ɗacin yake.

A jarrabawar darasin tarihin nan tambayar ta fito: me ya sa sojojin suka ƙi sabon harsashin bayan an ce an gyara? Wannan karon ban ce rigima suke nema ba.