Tashar da Ta Yi Shiru

Mai Rediyo ake ce masa, don duk akwatin da ya daina magana, in ya kwana a shagonsa sai ya tashi da surutu. A gida kuwa matarsa ce tashar da ba a kashewa. Ya shigo da takalmi, faɗa. Ya bar ƙusa a aljihun wanki, faɗa. Har yakan ce, "Maman yara, ina maɓallin rage ki?"

Sai maƙoƙo ya fito mata. A asibiti aka ce ƙaramin aiki ne, shi ya lallashe ta ta yarda. Garin yanka aka haɗa da jijiyar murya. Likita ya ba da haƙuri, haƙurin bai dawo da komai ba.

Yanzu cokali take bugawa a kwano in tana nemansa. Shi kuwa da gangan yake take mata tabarma da takalmi, ya tsaya jira. Takan harare shi, ta buɗe baki, iska kawai ta fito.

Sai ya kara kunne a bakinta, yadda yake yi wa rediyon da ya mutu.

"Yi faɗanki," yakan ce. "Ina ji."