Ranar da Ozella Ta Gwada Takalmi

Yayata Ozella ba ta iya zama wuri ɗaya ba. Ko a coci, kafin fasto ya kai rabin wa'azi ta miƙe ta yi kicin, wai za ta duba wake. Guga take yi a wani gidan wanki bayan tashar jirgin ƙasa, nan garin Albany na jihar Jojiya a Amurka, a tsaye tun safe har yamma, ƙafafunta kullum cikin azaba.

A zamaninmu baƙar fata ba ya gwada takalmi a kantunan cikin gari. Kuɗinka ana so, ƙafarka ce ba a so. Sai ka taka takardar ƙunshi a gida, a zagaye ƙafar da fensir, a yanke, ka kai wa mai kanti ya zaɓo maka. Ya matse ko ya yi yawa, ruwanka, abin da ya fita ba ya komawa. Takarda kuwa ina ta san kumburin ƙafar wanda ya wuni a tsaye? Haka Ozella ta girma, yatsunta duk sun hau juna.

Da gari ya rikice da zanga-zangar neman 'yancin baƙar fata ana kwasar mutane, ita ba ta fita ba. Kaji ta riƙa soyawa tana aikawa coci, tana mita: "Ku je ku yi ta waƙa, ni ƙafata ba ta yawon banza." Abin ya riƙa ba ni haushi, don ni har kwana na yi a hannun 'yan sanda.

Bayan an sa hannu a dokar hana wariya a 1964, wata Asabar na same ta a sunkuye tana zagaye ƙafarta da fensir.

"Yaya, me zan gani haka? Doka fa ta canza."

"Ta canza a Washington. Ke kin ga saukarta a tashar nan?"

"Yau dai sai kin zauna a kujerar nan ta kantin takalmi an gwada miki."

"Ke Verlene, fita idona in rufe. Matar mai gidan wankinmu can take sayayya. In aka kore ni, bakin nan naki zan ci?"

Duk da haka ta biyo ni, da takardar a jaka. Sau nawa ta tsaya a hanya tana cewa ta bar tukunya a wuta, alhali ni na kashe murhun da hannuna.

A cikin kantin ta kama zagaye, ta taɓa wannan ta ajiye, ta leƙa titi ta dawo. Mai jiran kantin, wani farar fata da ya san ta shekara da shekaru, ya miƙo hannu ko kallonta bai yi ba.

"Ina takardar, Ozella?"

Ta sa hannu a jaka har takardar ta leƙo. Sai ta tura ta ciki, ta nufi jerin kujerun, ta zauna a bakin ɗaya kamar mai tsoron ƙaya. Wasu mata biyu farar fata suka daina hira.

"Baƙin can mai igiya nake so. Gwadawa zan yi."

Fuskar mutumin ta yi ja. Ya ɗauko kwalin ya dangwarar a ƙasa, ya koma gefe ya harɗe hannu. Ita ta sunkuya ta sa abinta, igiyar ma da ƙyar ta ɗauru. Ta miƙe ta taka har bakin ƙofa ta dawo, ta sake komawa. Tunda nake ban taɓa ganin tafiyarta babu ɗingishi ba, sai da ƙwalla ta cika mini ido.

Ta zauna, ta cire, ta mayar cikin kwalin, ta miƙa masa.

"Bai yi mini ba."

Muna fita na cafke hannunta. "Yaya, kin haukace ne? Takalmin nan kamar don ke aka ɗinka shi!"

"Daidai ƙafata, ke dai bari," in ji ta, tana haki tana sauri cikin tsohon takalminta. "Zan dawo in saya. Yau so nake in ce masa ban so, ya karɓa ya mayar."